Kuɗin Hayar Ɗaki Na Huɗu

Shekara goma sha tara ke nan tana tambayar kuɗin kayan da ba za ta saya ba. A babbar kasuwa ba wanda ya damu da sunanta na gaskiya. Anti Nawa suke ce mata, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan, kuma tun tana ɓata rai har ta koma amsawa.

Ma'aikaciyar ofishin ƙididdiga ce, daga cikin ƙananan da ba a ba su kujera ba saboda aikinsu a ƙafa yake. Kowane wata, daga biyu ga wata zuwa sha huɗu, tana zagaya shaguna saba'in da ɗaya. Shinkafa, mai, sukari, ƙwai, sabulu, maganin ciwon kai, takalmin makaranta, kuɗin aski. Bayan wata uku-uku kuma ta bi gidajen hayar da ke jerinta, ta tambayi nawa ake biya. Dokar aikin guda ce, kuma ba ta da sassauci: shagon jiya, kayan jiya, awon jiya. In wancan watan ƙaramin shuɗin sabulu ta tambaya a wurin mai shagon bakin famfo, to wannan watan ma shi za ta tambaya a wurinsa, ko da maƙwabcinsa ya fi shi araha. Tun makon farko aka koya mata dalili. In ta canja shago, ba za a gane farashi ne ya motsa ko ƙafarta ce ta motsa ba.

Da can da biro da takarda take yi. Yanzu wata 'yar kwamfutar hannu ce mai tsagaggen gilashi, tana cikin jaka tare da gorar ruwa da lema. Takalmi uku take cinyewa a shekara. Zama kuwa ba ta iya shi ba. Ko ranar hutu ce za ka gan ta tsakanin kicin da taga, ta ɗauki wannan, ta mayar da wancan, ta leƙa titi kamar an ce mata wani na tafe. Mijinta tsohon direban bas ne wanda ciwon gwiwa ya ajiye. Yakan ce ranar da aka kwantar da shi a asibiti, kafin ta tambayi likita yaya jikin sai da ta tambayi kuɗin ledar ruwan da aka ɗaura masa. Ita ta ce sharri yake mata. Amma har yau ta san kuɗin.

Ba haifaffiyar birnin ba ce. Aure ne ya kawo ta tana da shekara ashirin da huɗu, daga wani ƙaramin gari mai tafiyar awa shida a mota. Mahaifinsu mai walda ne. Yana da rumfar kwano mai ƙofa biyu a bakin hanya, da fili a bayanta inda ake jingine ƙarafa. A nan ta koyi tafiya, tana tsallake guntayen rodi. Da ya rasu, shekara takwas da suka wuce, shagon ya zama nasu su biyu, ita da ƙaninta, kuma sunayensu biyu ne a takarda. Ƙanin ne ke aiki a ciki. Ita ko sisi ba ta taɓa karɓa ba, kuma ba ta taɓa tunanin karɓa ba. Ya ishe ta ta san cewa shagon na nan.

Abin da ake yi da lambobinta bai cika damunta ba. Tana turawa, su wuce babban ofis, a haɗa su da na sauran masu yawo irinta, a gwada su da albashin da mutane ke ɗauka. Sau ɗaya a shekara sai a fitar da jerin birane da yankunan ƙasar, daga inda kuɗin mutum ya fi saya masa kaya zuwa inda ya fi gaza masa. Ƙarfin saye suke kiran abin. Bana birninsu ne ya zo na ɗaya. Ya doke har babban birnin ƙasa, inda albashi ya fi tsoka amma haya ke lashe rabi. Gidajen rediyo suka yi kwana uku suna maganar, jerin ya bazu a wayoyi. Garinsu na haihuwa ya zo na arba'in da ɗaya cikin arba'in da huɗu.

Mako biyu bayan haka, ranar wata Laraba, ta dawo aiki ta tarar da manyan takalma a bakin ƙofa, duk tartsatsin wuta ya huhhuda su. Ba sai an gaya mata na waye ba.

"Wa nake gani kamar Auta? Ba waya, ba saƙo?"

"Yaya, in na yi waya cewa za ki yi kina kasuwa."

Mijinta na kishingiɗe a doguwar kujera, ya ɗora ƙafa a kan filo. Ya ce, "Masu kuɗi ya zo gani da idonsa. Na ce masa ga ni nan, ya kalla da kyau, amma ban da taɓawa."

Auta ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Shekararsa arba'in da uku, da mata da 'ya'ya uku, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakinta har gobe Auta ne. Idanunsa jajaye ne irin na masu walda, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna. Ta lura bai cire hannu daga aljihun riga ba har aka gama cin abinci.

Da aka kwashe kwanuka ya fito da ambulan. Wani mai sayar da magani ne ke son shagon da filin, ya ce, zai rushe ya gina kanti. Ya yi tayi mai kyau. Zai jira zuwa Litinin, in ba a kawo takarda da hannun mutum biyu ba, zai sayi filin tsallaken titi. Shi kuma Auta da kuɗin zai kwaso iyalinsa su dawo birnin nan, ya kama gida, ya buɗe shago. Matarsa har ta fara ɗaure kaya.

"Shagon Baba?" ta ce.

"Shagona da naki. Baba ya yi nasa ya gama."

Ya miƙo mata wayarsa, jerin na kan gilashin, an zagaye na ɗaya da jan layi.

"Ba ni na rubuta ba, Yaya. Ofishinku ne. Ke ce ma kika tattaro da ƙafarki. Ko ƙarya kuka yi?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To, sa hannu."

Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da tsumma, ta goge teburin da aka riga aka goge. Ta je taga, ta dawo. Ta san akwai abin da jerin bai faɗa ba, ta daɗe da sani, amma ita ba gwanar bayani ba ce. In ta fara, zai ce hassada ce, ko ya ce ba ta son ɗawainiyarsu kusa da ita. Tun yana yaro ba ya yarda da abu sai ya taɓa. Sau biyu ya ƙone yatsa a kan ƙarfen da Baba ya ce masa da zafi.

"Gobe zan bi gidajen haya," ta ce. "Ka zo ka riƙe min jaka. In mun dawo a yi magana."

Dokar ofis ta hana ta tafi da kowa, don an yi wa masu gidajen alkawarin ba za a fallasa su ba. A shekara goma sha tara ba ta taɓa karya ta ba.

"Kuma ka tsuke bakinka," ta ƙara.

"Riƙe jaka ma aiki ne a birnin masu kuɗi," in ji mijin. "Ka tambaye ta nawa ne albashi kafin ka yarda."

Ƙarfe bakwai suka fita. Tafiyarta sauri ce, irin ta wadda ta san kowane rami a titi, Auta na biye da jaka a kafaɗa yana haki. Ta kasuwa suka ratsa, don akwai shaguna biyu da ta tarar a rufe jiya.

"Anti Nawa, yau har da ɗan rakiya?" in ji mai sayar da mai. "Ko an ƙara miki girma ne ba mu ji ba?"

"Ƙanina ne. Nawa galan?"

"Yadda kika bar shi. Wata rana dai ki saya, ko don mu ga kalar kuɗinki."

Da ya faɗi kuɗin, Auta ya taɓa ta da gwiwar hannu. A garinsu galan ɗin ya fi haka, don sai ya bi mota awa shida kafin ya kai. Sukari ma haka. Ta gyaɗa kai kawai, ta shigar da lambar. Gaskiya ne, kuma ba ta fito da shi don ta ɓoye masa gaskiya ba.

Suka shiga bas, ya zauna ta taga. Ita ba ta zauna ba, ta riƙe ƙarfe. Hanyar ta bi ta sababbin unguwanni, gidaje hawa uku hawa huɗu, kowace taga da ƙarfenta, kowane gida da get. Auta ya kasa tsuke bakin.

"Dubi wancan. Dubi walda, don Allah, kamar an liƙa da cingam. Damina biyu zai tsage. Yaya, kin san nawa suke karɓa a irin wannan? Titin nan kaɗai ya ciyar da ni shekara."

Mutane suka fara waiwayowa. Ta ce masa ya yi a hankali. Amma ta ga yadda yatsunsa ke motsi a kan cinyarsa, yana auna ƙofofin mutane da ido, kuma ta tuna rabon da ta ga fuskarsa haka tun Baba na raye.

Gidan farko a jerinta yana bayan layin dogo. Dogon gini ne hawa biyu, ɗakuna a jere, kowanne ciki da falo da ɗan kicin, igiyar shanya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan. A kwamfutarta an rubuta: ɗaki na huɗu. Wata tsohuwar tela ce a ciki, idonta ya daina ganin ramin allura, amma keken na nan a falo an lulluɓe shi da zane.

"'Yata, kin zo? Har wata uku ta yi? Shigo ki sha ruwa."

"Mama, a tsaye nake. Nawa kika biya wannan watan?"

"Kullum a tsaye. Ke dai ba za ki mutu a kan kujera ba. Dubu goma sha biyu, an ƙara ɗari biyar tun farkon shekara. Ga rasit, in kin ga dama."

Ta duba rasit ɗin, ta shigar. Auta ya leƙa ɗakin ta saman kafaɗarta. Falo mai haske, famfo a kicin, siminti ba tsaga. Dubu goma sha biyu. Ta ji numfashinsa ya sauya. Wannan ai ko da rabin aikin da yake hange zai biya, har ya yi saura.

Ƙofar ɗaki na biyar a buɗe take, ana fenti. Mai kula da gidan na tsaye a bakin ƙofa da tarin makullai, yana yi wa mai fentin faɗa a kan ɗigon da ya bari a ƙasa. Auta ya dube ta. Ta kau da kai, ta shiga gyara igiyar jakar da ba ita ke riƙe da ita ba. Ya ɗauki hakan a matsayin izini.

"Ranka ya daɗe, wannan na haya ne?"

"Na haya ne, in ka yi sauri. Mutum huɗu sun gani tun jiya."

"Nawa?"

"Talatin da takwas a wata. Shekara biyu gaba, ban da kuɗin dillancina."

Auta ya yi murmushi, ya zaci wasa ne. "Ai irin na Mama ne. Bango ɗaya suka haɗa."

"Mama shekararta goma sha shida a nan. Kai yaushe ka zo?"

"Jiya."

"To, ka ji."

A birnin akwai dokar da ta hana mai gida ƙara wa tsohon ɗan haya fiye da ɗan abu kaɗan a shekara. Amma ranar da ɗan haya ya fita, ɗakin ya zama na kasuwa, mai gida ya yanka yadda ya ga dama. Shi ya sa wanda ya samu tsohuwar haya ba ya tashi sai dai a fitar da gawarsa. Gidaje talatin na jerinta an zaɓe su ne shekara bakwai da suka wuce. A cikin ashirin da shida, mutanen da ta tarar ranar farko su ne har yau. Sauran huɗun an rushe su ko an mai da su shaguna, aka cire su daga lissafi. Lambar da take turawa gaskiya ce, rasit ne a bayanta. Sai dai kuɗin ɗakin da ba wanda zai iya samu ne.

A matattakala Auta ya tare ta.

"Rubuta na biyar."

"Ba gurbinsa."

"Kamar ya ba gurbinsa? Ga shi kin ji da kunnenki."

Ta juya masa gilashin. Layi ɗaya ne, ɗaki na huɗu, da akwatin lamba. A ƙasa akwai wani ɗan wuri na ƙarin bayani. Ta ce sau biyu ta cike shi, bara da bana, ta rubuta abin da sababbi ke biya. Ta kuma je ta sami shugabanta da baki. Mutumin kirki ne, ya saurare ta har ƙarshe, ya ce ya sani, amma jerin gidaje bayan shekara goma-goma ake sabunta shi, in aka taɓa a tsakiya duk lissafin baya ya lalace. Saura shekara uku. Ita kuwa saura biyu ta yi ritaya.

Ya juya ya sauka. Suka ci gaba. Gida na biyu, malamin makaranta, shekara goma sha ɗaya. Na uku, wata mai aikin jinya, sha huɗu. A kowane gida ta tambayi nata, shi kuma ya zame ya nemi mai gadi ko mai shagon ƙasa ya tambayi nasa. Ninki uku, ninki biyu da rabi, ninki uku. A gida na shida ya daina tambaya. Jakar ta koma ɗaya kafaɗar, ta sake dawowa.

Da rana ta take ya ce shi fa sai ya ga layin masu walda. Ba ya cikin hanyarta, amma ta kai shi. Ƙarƙashin wata gada ne, rumfuna a manne da juna, ƙarar guduma da injin yanka ba ka jin maganar na kusa da kai. Aiki kam kamar a yi yaya: get-get a jingine, tankuna, gadaje, matattakalar ƙarfe. Auta ya tsaya wurin wani mai kimanin shekarunsa da ke tsugune yana haɗa ƙarfen taga. Masu sana'a ɗaya ba sa buƙatar gabatarwa. Mutumin ya ɗaga gilashin fuska, ya dubi hannuwan Auta, ya matsa masa a kan benci.

Shekararsa biyu da zuwa, ya ce, daga wani gari can arewa da nasu. Abin da yake samu a mako ya fi na wata a gida, wannan ba ƙarya. Amma rumfar ba tasa ba ce, kuɗin rumfa a nan ya fi na gida, aikin yini yake wa mai ita. Ya zo da iyali, suka yi wata bakwai a ɗaki ɗaya, ya mayar da su wurin iyayen matar. Shi a bayan rumfa yake kwana.

"Aiki akwai, ɗan'uwa," ya ce. "Wurin ajiye yara ne babu. In kai kaɗai ne, zo gobe, maigidana na neman hannu."

Ya sauke gilashin, wuta ta tashi.

Sun dawo gida da sauran rana. Mijinta ya dubi fuskokinsu, ya haɗiye zolayar da ya tanada, ya jawo sandarsa ya ce zai je ya ga abin da ake ciki a ƙofar gida. Ambulan na kan tebur inda aka bar shi. Ita ta cire takalmi amma ba ta zauna ba.

"Nawa kuke biya a nan?" in ji Auta.

Ta faɗa masa. Shekararsu goma sha bakwai a gidan.

"Ashe ke ma ɗaki na huɗu ce." Ya yi wata 'yar dariya. "Kun shiga, kun ja ƙofa, kun leƙo ta taga kuna ce wa mutane garin da daɗi."

"Ni ban ce wa kowa ya zo ba."

"Ba ki ce ba. Kin dai rubuta."

Maganar ta shige ta. Ta ɗauki gorar ruwa ta kai kicin, ta dawo da ita a hannu.

"Auta, kuɗin shagon nan haya za su tafi. Shekara biyu gaba, da na dillali, da na mota, ka ga abin da zai rage. Ba zai kama maka rumfa ba. In shekara biyun ta cika, ba shago a can, ba shago a nan."

"Na iya lissafi, Yaya. Ni ma na yi makaranta, ko da ban kai ki ba." Ya murza idanunsa. "Ke kin san rabon da a ce min yi get? Wata biyar. Tukunya nake liƙewa, da ƙafar baro, da kujerar makaranta. Wanda ya kawo ma sai ya tsaya yana ba ni labarin yadda gari ya yi zafi. Can ba na biyan haya, gaskiya ne. Amma ba mai kuɗin sa ni aiki. Babbar yarinyar nan bana za ta gama sakandare, likita take cewa za ta zama. Kullum in ta faɗa sai in ce Allah ya sa, in fita waje. Ki gaya min, wane gurbi ne wannan a kwamfutarki?"

Ta ajiye gorar a kan tebur. Duk yinin nan ta ɗauka in ya ga ɗaki na biyar magana ta ƙare. Yanzu ta gane rabin abin kawai ta nuna masa, ɗaya rabin shi ya zo da shi, kuma ita ba ta taɓa zuwa ta tambaya ba. Rabonta da garin shekara uku. A ranta shagon na nan yadda Baba ya bar shi, da get biyu a jingine suna jiran fenti.

Ta jawo kujera ta zauna. Ta zaro takardar daga ambulan, ta karanta ta daga sama har ƙasa, kamar yadda take karanta rasit. Sannan ta sa hannu a inda aka yi mata alama, ta tura masa.

Ya dubi takardar, ya dube ta. "Jiya kin ƙi."

"Jiya ba ka ga abin da na gani ba. Yanzu ka gani. Kai ke tsugune a wurin, ba ni ba."

"In na sayar fa?"

"Ka sayar. Zan yi kukana a kicin, ba za ka ji ba."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu. Da safe ya bi motar farko, bai yarda ta raka shi tasha ba.

Asabar da Lahadi ba ta zauna ba. Ta wanke labulen da ba su yi datti ba, ta kwashe kayan kabad ta mayar. Sau uku ta ɗauki waya ta ajiye. Mijin ya ce in ta ci gaba a haka simintin falo zai yi hanya, mai gida ya samu dalilin ƙara musu kuɗi. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai sake ba.

Ranar Litinin ta fita aiki. Wayar na aljihun jaka, ta ƙure mata ƙara. Ta tambayi mai ƙwai kuɗin kiret, ta shigar, ta sake tambayarsa. Ya ce, "Anti Nawa, lafiya? Ko kina so in ƙara ne?" Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Tana tsakanin layin masu takalma da na masu robobi wayar ta yi ƙara. Ta matsa jikin wani bango, ta toshe ɗaya kunnen.

"Mai maganin ya sayi na tsallaken titi," in ji Auta.

"Ba ka je ba?"

"Na je. Har ƙofarsa na je, na ga motarsa. Na tsaya kamar minti goma, na juyo."

Ta jingina da bangon. Ta buɗe baki, ya riga ta.

"Kada ki ji daɗi, Yaya, kuma kada ki ce na kyauta. Maman yara ba ta yi min magana tun ɗazu, kayan na nan a ɗaure, ta ce ni zan kwance da hannuna. Yarinyar kuma ta shige ɗaki. Yau tukunya biyu na liƙe. Gobe ban san me zan liƙe ba."

"Zan zo ƙarshen wata."

"Ki zo. Ki zo da kwamfutar, ki ga ko za ki sami abin rubutawa."

"Takardar fa?"

"Tana cikin akwatin kayan aiki, da hannunki a kai. Ban yaga ba. Wani mai sayen zai zo wata rana, ban ce miki na haƙura ba."

Ta ji wata murya daga nesa tana sallama, da ƙarar ƙarfe ana jan sa a ƙasa. Auta ya amsa, ya ce mata wani ne ya kawo keke, bari ya gani. Ya kashe kafin ta ce a gai da yara.